Sansanin 'Yan Birged a Ƙasar Illela: Tattaki, Tuƙin Kwale-kwale da Kamun Kifi

Sansanin yara maza na coci zama ne na 'yan kwanaki da ƙungiyar matasa ta ikkilisiya kan shirya a wajen gida. A nan yara ke kwana wuri ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya, su yi sujada tare, a kuma koya musu doguwar tafiyar ƙasa da tuƙin ƙaramin jirgin ruwa da kamun kifi. A Arewacin Nijeriya ƙungiyar da ta fi shahara da wannan aiki ita ce Boys' Brigade, wato 'yan Birged. Su ne yaran nan masu shuɗin kaya da hula da farar ɗamara a kafaɗa, masu kaɗa badujala a gaban jerin gwano ran bikin coci ko ran jana'izar wani dattijo. Jama'a faretin suke gani, amma mafi yawan tarbiyyar a sansani ake yin ta, inda babu 'yan kallo.

Asalin ƙungiyar daga birnin Gilasgo ne na ƙasar Sikotilan, inda William Alexander Smith ya kafa ta ran 4 ga Oktoba, 1883. Smith malamin makarantar Lahadi ne, kuma hafsa a rundunar sojan sa-kai. Ya lura cewa ran Asabar manyan maza kan bi umarninsa a filin fareti ba gardama, amma ran Lahadi 'yan samari kaɗan kan gagare shi a aji. Sai ya haɗa horon fareti da karatun Littafi Mai Tsarki. Manufarsa ita ce a jawo yara ga Almasihu, a kuma dasa musu biyayya da ladabi da kamun kai da sanin mutuncin kansu. Tambarin ƙungiyar anka ce, ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya, an kuma ɗauko ma'anarta daga Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 6 aya 19.

A 1886 Smith ya kai yaransa sansani na farko a Tighnabruaich, wani ƙauye a bakin teku a yammacin Sikotilan. Yaran sun kwana cikin wani zauren taro na ƙauyen, da rana kuma suna shiga jiragen ruwa. Tun daga ranar farko ke nan sansani da ruwa suke tafe tare. Ko Robert Baden-Powell, da ya gwada sansaninsa a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907 da yara 20, wanda ya zama mafarin Sikawut, wasu daga cikin yaran nasa daga Birged ya ɗebo su. Ƙungiyar ta iso Nijeriya a 1908, ta fara a majami'ar Holy Trinity da ke Ebute Ero a Legas, sannan ta bazu tare da majami'u har ta kafu a Arewa cikin ikkilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN da Angilika. 'Yan Baftis kuwa suna da tasu ƙungiyar yara maza mai suna Royal Ambassadors.

Tsarin Birged a jikin coci yake. Kowane rukuni ana kiransa kamfani, kuma majami'a ɗaya ce ke riƙe da shi. Kyaftin ne shugaba, da laftanoni a ƙarƙashinsa, fasto kuma shi ne limamin kamfanin. Yaran kansu suna da muƙamai, daga las kofur zuwa kofur zuwa saje. Kamfanonin yanki ɗaya kan haɗu su zama bataliya, kuma sau da yawa bataliyar ce ke shirya babban sansani na shekara. Wannan tsari na muƙamai shi ne ƙashin bayan sansani, domin yana ɗora wa yaro ɗan shekara 15 ko 16 amanar ƙannensa: ya ƙirga su, ya tabbatar sun ci abinci, ya san wanda ƙafarsa ta yi bororo da wanda kewar gida ta hana shi barci.

Illela gari ne na kan iyaka, kimanin kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, yana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Kasuwarsa ta dabbobi da hatsi na jawo fatake daga ƙasashen biyu. Kiristocin garin 'yan tsiraru ne a cikin Musulmi masu rinjaye, da yawansu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu da ma'aikatan kwastan da na shige-da-fice da malaman makaranta da na asibiti. 'Ya'yansu da aka haifa a nan da Hausa suke wasa, amma da dama sun fi sanin tasha da kasuwa da harabar coci fiye da karkarar da ke kewaye da su. Sansani a irin wannan wuri dama ce ta gabatar da yaro ga ƙasar da yake zaune a kai da mutanen da suka san ta.

Abu na farko da ake yankewa shi ne lokaci. Babban hutun makaranta na faɗowa a Agusta, tsakiyar damina, lokacin da gulabe ke cika suna gudu, sauro ya yi yawa, gonaki kuma duk a rufe da gero. Hutun Ista na zuwa a bazara, tsakanin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Hutun Disamba ya fi dacewa. An riga an yi girbi, hanyoyi sun buɗe, ruwan tafkuna ya kwanta bai kuma ƙafe ba, rana ba ta da zafin bazara. Abin da za a yi wa tanadi shi ne sanyin hunturu da ƙurarsa, wato bargo da rigar sanyi da man shafawa, da kuma lura da yaro mai asma.

Abu na biyu shi ne tsaro. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga na addabar gabashin Jihar Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo da Gada da ƙauyukan Illela, ga kuma mayaƙan Lakurawa a ɓangaren Tangaza da Gudu. Saboda haka kwana a tanti cikin daji ba abin da shugaba mai hankali zai kai 'ya'yan mutane ba ne a wannan yanki. Abin da ya dace shi ne a kafa sansanin cikin harabar coci ko makaranta mai katanga, a riƙa fita da safe a dawo kafin la'asar. Kafin a fita kuwa, sai an sami takardar yardar iyaye ga kowane yaro, an sanar da 'yan sanda, an kuma je gaisuwa wurin hakimi ko dagacin wurin da za a nufa. Da ɗan gari akan ci gari. Dagaci ne ya san hanyar da ke da lafiya a wannan mako da wadda ba a bi. Iyaka kuma ba abin wasa ba ce: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Gonakin ƙasashen biyu a haɗe suke, don haka dole jagora ya san inda layin yake, kada ayarin yara masu kayan sarki ya tsallaka ba da sani ba.

Rana a sansani da busar begila take farawa, tun da asuba. A yi addu'ar safe, a motsa jiki, a share wurin kwana, sannan hafsa ya zagaya duba tsabta: tabarma a naɗe, takalma a jere, kwano a wanke. Ana raba yara ƙungiya-ƙungiya ta mutum takwas ko goma, kowace da kofur ɗinta da aikinta na ranar, wasu ɗiban ruwa, wasu wanke-wanke, wasu taya matan Zumuntar Mata ta coci girki. Akwai ƙa'idar da ba a sassautawa: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, a ɗaki ko a kan hanya, kuma manya ba sa kwana a shimfiɗa ɗaya da yara. Wannan kariya ce ga yaro, kariya ce kuma ga sunan shugaban da na ikkilisiyar.

Tattaki shi ne aiki na farko a waje. Ana tashi da sanyin safiya, a dawo kafin rana ta take. Ƙanana kilomita 4 zuwa 5 ta ishe su, manya kuma sa iya ninka haka. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kuma saurin ayari saurin mafi ƙanƙantarsu ne. Kowane yaro da gorar ruwansa da hula da rufaffen takalmi, domin ƙarangiya da ƙayar aduwa ba sa raga wa silifas. A duk inda aka yada zango ana ƙirga kai kafin a zauna, a sake ƙirgawa kafin a tashi. Yaron da ya fara jiri ko ciwon kai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ƙasar nan ta yashi ce da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai na jar marmara, kuma tana da darasi a kowane taki. Yara na koyon bambanta gawo da bagaruwa da magarya da goriba, su ga yadda gawo ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, abin da ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona. Suna koyon gane burtali su kauce wa garke, su gai da makiyayi, su nemi izini kafin su ja ruwa a rijiyar mutane. Ana nuna musu karatun taswira da kamfas, da gane gabas da yamma ta inuwar sanda. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa a zamanin da can teku ta taɓa rufe wannan yanki. A duwatsun ƙasar Gada da Goronyo an tono ƙasusuwan halittun ruwa, har aka raɗa wa wata ƙatuwar dabbar teku suna Goronyosaurus a 1972, kuma farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar wannan tekun ce. Ta fuskar tarihi kuwa, a kudu da Illela Degel take, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga cikinsa zuwa Gudu a 1804. Yaron Kirista da ya san wannan tarihi ya fi fahimtar maƙwabtan da yake zaune da su.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi kowace buƙatar natsuwa. Ruwan da ya fi kusa da Illela shi ne Tafkin Kalmalo, wanda ke samun ruwansa daga kwarin Maggiya da ke gangarowa daga Nijar. Madatsun da aka gina a ɓangaren Ƙonni don noman rani, haɗe da fari da cikewar yashi, sun rage masa ruwa ƙwarai, har wasu shekarun yakan ƙafe. Kwarin na cikin ruwaye huɗu da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar ta tanadi a raba da adalci. A kan hanyar Sakkwato akwai Tafkin Kware. Can gabas kuma ga madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar sama da kubik mita miliyan 900. Ruwan Goronyo faɗi gare shi da zurfi, iska kan tayar masa da igiya, ba wurin ɗan koyo ba ne. Ɗan koyo gefen tafki mai kwanciya yake buƙata, inda ruwa bai wuce ƙugun babba ba.

A sansanonin Turai da Amurka jirgin da yara ke tuƙawa shi ne kayak, siririn jirgi na mutum ɗaya ko biyu mai filafili mai baki biyu. Mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara ne suka ƙirƙire shi da fatar dabbar teku don farauta, yau kuma da roba ake yinsa. A ƙasar Sakkwato kwale-kwalen katako ne ke tsaye a gurbinsa, kuma masu shi su ne Sarkawa da sauran masunta, ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Su suka san inda gurbi yake, inda laka ke riƙe ƙafa, da inda ciyawa ke naɗe mai iyo. Shugaban da ya san aikinsa wurinsu zai nemi jirgi da matuƙi da shawara, ya kuma biya su haƙƙinsu.

Darasin tuƙi a tudu yake farawa. Matuƙi ya ja jirgin rabi a ruwa rabi a ƙasa, ya riƙe goshinsa. Yaro ya sunkuya, ya dafa gefe biyu da hannu biyu, ya sa ƙafa a tsakiyar jirgi, ya zauna ƙasa-ƙasa kafin na biyu ya shigo. Hannu ɗaya a kan filafili, ɗaya a wuyansa. A tsoma shi gaba, a ja zuwa ƙugu, a ɗaga. In ana tuƙi ta dama kaɗai, goshin jirgi hagu zai karkata, sai na baya ya murɗa filafili ya daidaita shi. Ba a miƙewa tsaye, ba a sauya wurin zama a tsakiyar ruwa, ba a leƙawa gefe ɗaya gaba ɗaya. In jirgi ya kife, a riƙe shi, domin jirgin katako yakan yi ta yawo a saman ruwa, kuma mai ceto ya fi saurin hango jirgi fiye da kan mutum.

Rigar kariya dole ce ga kowa, har da wanda ya iya iyo da shi kansa kyaftin, kuma a ɗaure ta daidai jiki yadda ba za ta zame ta kai ba. Dalilin a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A nan gida, a Afrilun 2022 jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa. A Mayun 2021 hatsarin Warrah a Jihar Kebbi ya ci ɗimbin rayuka. Lodi fiye da kima da tsufan jirgi da rashin rigar kariya su ne musabbaban da ke ta maimaituwa. Shi ya sa ake koya wa yaro cewa in wani ya faɗa ruwa, kada ya yi tsalle ya bi shi, domin mai nutsewa kan danne mai cetonsa. Ya yi ihu, ya kwanta a gaɓa ya miƙa dogon sanda, ko ya jefa jarka marar komai a ciki, mai murfi a ɗaure da igiya a hannunta. Wannan ilimi ba ya tsayawa a coci. Yaron da ya iya shi, ɗan maƙwabcinsa ma ya amfana.

Kamun kifi na zuwa da yamma ko da sassafe. Ga yara fatsa ta fi sauƙi: sanda, zare, ƙugiya, ɗan ƙullin dalma, da guntun kara mai yawo a saman ruwa. A soka tana a ƙugiya, a jefa, a zauna shiru ana kallon karan. In ya fara rawa kifi na taɓawa ne, in ya nutse sai a fizga. Ana barin tazara tsakanin yaro da yaro, kuma mai jifa ya waiwaya baya kafin ya wurga, don ƙugiya ba ta bambanta kifi da kunnen mutum. Abin da aka fi kamawa shi ne karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, kuma na biyun nan na ƙarshe suna da ƙaya a gefe da ke huda hannu, don haka ta bayan kai ake riƙe su. Masunta kan nuna wa yara birgi da taru da homa da gora, su ba su labarin gaiwa, kifin da ke binne kansa cikin laka in tafki ya ƙafe ya jira damina.

Akwai ladabin su, kuma Kabawa sun daɗe da shi. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar gasar kamun kifi, bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Hikimar ita ce a bar kifi ya hayayyafa. Haka ake koya wa yara su mayar da ƙananan kifi ruwa, kada su yi su da gidan sauro, kada a zuba guba, kada a taɓa komar wani, kada kuma a bar zare da leda a gaɓa.

Ruwan tafki na ɗauke da wata cuta da ba a gani da ido, wato tsargiya. Ƙwayarta na fitowa daga jikin ƙananan katantanwa, ta huda fata, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Ta yawaita a fadamu da wuraren noman rani na Sakkwato. Saboda haka a rage tsayuwa cikin ruwa, a yi wanka da ruwan rijiya ko na burtsatse, a kuma gaya wa iyaye alamarta domin a kai yaro asibiti, inda maganin praziquantel ke kashe ta. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In maciji ya sari yaro, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Sansanin da ba shi da ma'aikacin lafiya da akwatin magani da mota a kusa bai shirya ba.

Da dare ake haɗa abin da aka gani da rana da abin da aka gaskata. Yara su kewaye wuta ko fitila, a rera waƙoƙin sujada da Hausa, a yi haddar aya, fasto ya yi gajeren wa'azi. Labarin Bitrus da Andarawus da 'ya'yan Zabadi, masuntan Tekun Galili da Yesu ya kira, yakan shiga zuciyar yaron da ya wuni yana jiran kara ya nutse. Labarin hadirin da ya taso wa almajirai a cikin jirgi yana da wani nauyi ga wanda ya ji kwale-kwale na tangaɗi a ƙarƙashinsa. A nan ne kuma ake sasanta waɗanda suka yi faɗa, a yaba wa wanda ya ɗaukar wa ɗan'uwansa jaka.

Kuɗin sansani daga gudummawar iyaye da baikon ikkilisiya yake fitowa, kuma kamfani nagari kan tanadi wani abu domin maraya da ɗan marar hali kada a bar su a gida. Ran tashi ana cike ramuka, a ƙone shara, a mayar da kayan aro, a koma wurin dagaci da Sarkin Ruwa a yi godiya da sallama. Ana ƙirga yara a miƙa kowanne hannun iyayensa. Bayan haka kyaftin ya rubuta wa dattawan ikkilisiya rahoton kuɗi da na lafiya da na abin da ya kamata a gyara baɗi, a kuma ba yaran da suka cancanta lambobinsu a gaban jama'a ran Lahadi mai zuwa.